Renon Kiristal a Kan Kiristal: Shimfiɗar da Ba Ta Kai Kaurin Gashi Ba

Duk wanda ya taɓa ganin hoton faifan silikon, wannan zagayayyen abu mai sheƙi da ma'aikatan masana'antar kayan lantarki ke ɗagawa da safar hannu, zai ɗauka cewa jikin faifan ne gaba ɗaya yake aiki. A na'urori da yawa ba haka abin yake ba. Faifai mai faɗin milimita 300 kaurinsa kimanin maikiron 775 ne (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), wato bai cika milimita ɗaya ba, amma wurin da wutar lantarki ke kai-komo a cikinsa, inda ake kunna ta a kashe ta ko a mayar da ita haske, bai wuce 'yan maikiron na can sama ba, alhali silin gashin mutum ɗaya yana kaiwa maikiron 70. Sauran jikin faifan ginshiƙi ne da ke ɗauke da wannan siririyar shimfiɗa. Kuma a fitilun LED, da lezar da ke tura bayanai cikin wayoyin gilashi, da na'urorin da ke ƙarfafa saƙon wayar hannu, ba a yanko wannan shimfiɗa daga wani wuri aka manna ba. A kan faifan aka rene ta, ƙwayar zarra bayan ƙwayar zarra, har ta zama ci gaban kiristal ɗin da ke ƙarƙashinta. Wannan aiki shi ne masana ke kira efitaksi, kuma a ganina shi ne sashen fasahar semikondakta (sinadarai irin su silikon da ake iya sa su bar wuta ta wuce ko su hana ta) da aka fi tauye wa haƙƙi idan ana ba da labarinta.

Abin da ya sa kiristal ya zama kiristal shi ne tsari. Ƙwayoyin zarrarsa suna zaune sahu-sahu, tazarar da ke tsakanin kowace da maƙwabciyarta iri ɗaya ce, kuma tsarin yana maimaita kansa daga wannan gefe zuwa wancan ba tare da yankewa ba. Ilektaron, ƙanƙanuwar ƙwayar da ke ɗaukar wutar lantarki, yana tafiya cikin irin wannan tsari salin-alin, amma da zarar ya ci karo da wurin da sahu ya goce ko wata baƙuwar zarra ta kutsa, sai ya watse ko ya maƙale, ƙarfinsa ya tafi a zafi. Mai sayar da lemo da ya iya kasa kayansa a tire ya san asalin dabarar: idan ya jera sahun ƙasa daidai, lemon da zai ɗora a sama da kansa yake faɗawa cikin gurbin da ke tsakanin na ƙasa, don haka sahun ƙasa ne ke gaya wa na sama inda zai zauna. Idan kuwa lemon tsami ya jera a ƙasa ya zo yana ɗora manyan lemon zaƙi a kai, biyu ko uku na farko za su zauna, amma kafin ya kai bakin tire gurabun sun daina dacewa. Matsalar efitaksi kusan gaba ɗayanta tana cikin wannan.

Idan ƙwayar zarra ta sauka a saman faifai mai zafi, ba ta mannewa nan take a inda ta faɗi. Zafin yana ba ta kuzarin yawo a saman, tana tsallakawa daga gurbi zuwa gurbi, har ta sami wurin da maƙwabta suka fi yawa suka riƙe ta da ƙarfi. Irin wannan wuri galibi a gindin mataki yake, domin saman kiristal, komai santsinsa a ido, hawa-hawa yake kamar matakala, kowane mataki tsayinsa zarra ɗaya ko biyu. Burton da Cabrera da Frank ne suka tsara lissafin wannan a shekarar 1951, kuma saboda shi ne masu yanka faifai kan karkata wuƙarsu da gangan da 'yan digiri kaɗan, don matakan su yawaita, baƙin ƙwayoyi su sami inda za su jingina. Faifan silikon kabaid, wanda ake yin na'urorin sarrafa wutar motocin lantarki da shi, da karkatar digiri 4 ake yanka shi, dabarar da ta samo asali daga aikin Hiroyuki Matsunami na Jami'ar Kyoto a shekarar 1987. Zafi kuwa sai an auna shi da hankali. Idan ya yi kaɗan, ƙwayoyin za su daskare a inda suka faɗi, a sami tarkace marar tsari. Idan ya yi yawa, za su tashi su koma iska kafin su zauna, ko kuma shimfiɗun da aka sha wahalar rabawa su narke cikin juna.

Mai karatu zai iya tambaya, tun da akwai hanyar jawo babban kiristal daga narkakken silikon, wadda Jan Czochralski ya gano asalinta a 1916, me ya kawo wannan ƙarin wahala? Amsar farko ta fito ne daga ɗakunan bincike na Bell a Amurka a shekarar 1960. Taransista na wancan lokaci, wato ɗan makunnin da ke kunnawa da kashewa ko ƙarfafa wuta a cikin na'ura, yana buƙatar abubuwa biyu masu karo da juna: yanki mai tsabta sosai don ya jure ƙarfin wuta, da kuma yanki mai barin wuta ta wuce cikin sauƙi don kada ya yi nawa. Faifai guda ba zai iya zama duka biyun ba. Henry Theuerer da abokan aikinsa suka ɗauki faifan da aka cika shi da sinadarin da ke sauƙaƙa wucewar wuta, suka rena siririyar shimfiɗar silikon mai tsabta a kansa daga tururin silikon tetrakulorayid da haidirojin a zafin da ya kai kusan digiri 1,200, sai aka sami taransista mai sauri kuma mai juriya. Har gobe ana yin irin wannan, kuma akwai ƙarin riba guda: kiristal ɗin da aka jawo daga tukunyar kwats yana tsotsar iskar oksijin daga jikin tukunyar, amma shimfiɗar da aka rena daga tururi ta kuɓuta daga wannan gadon.

Wannan silikon ne a kan silikon, gurabu sun dace, aikin bai da wuyar fahimta. Inda abin ya zama abin mamaki shi ne lokacin da aka fara ɗora wani sinadari a kan wani daban. A 1963 Herbert Kroemer a Amurka, da Zhores Alferov a Cibiyar Ioffe ta birnin Leningrad, kowanne ta hanyarsa, suka kawo shawarar cewa idan aka matse siririyar shimfiɗar wani semikondakta tsakanin shimfiɗu biyu na wani da ya fi shi tsananin riƙe ilektaron, to ilektaron da haske duka za su taru a tsakiyar, su kasa fita, har leza ta iya aiki ba tare da an sanyaya ta ba. A takarda tunanin ya tsaya da ƙafarsa, amma sai da aka yi shekara bakwai kafin a ga lezar tana ci ba tsayawa a zafin ɗaki, a 1970, a Leningrad da kuma wajen Izuo Hayashi da Morton Panish a ɗakunan Bell. Abin da ya cinye waɗannan shekaru shi ne neman sinadarai biyu da za su zauna a kan juna lafiya, da koyon yadda za a rene su. Sa'ar da aka taka ita ce galiyam asenayid da alminiyam asenayid, waɗanda tazarar ƙwayoyinsu ta yi kusan zama ɗaya, bambancin bai kai kashi 0.2 cikin 100 ba, don haka ana iya cakuɗa su yadda aka ga dama sahu bai goce ba. Da narkakken galiyam aka rene su, ana zamar da faifan ƙarƙashin ruwan ƙarfen yana sanyi a hankali, hanyar da Herbert Nelson na kamfanin RCA ya fito da asalinta a 1963. Kroemer da Alferov sun karɓi kyautar Nobel a shekarar 2000, kuma a jawabinsa Kroemer ya faɗi maganar da nake ganin ta fi kowace bayyana wannan fage, cewa sau da yawa iyakar da ke tsakanin shimfiɗu biyu ita ce na'urar kanta. Jikokin waccan leza, waɗanda ake renonsu a kan faifan indiyam fosfayid, su ne ke tura haske cikin wayoyin ƙarƙashin teku da suka sauka a gaɓar Legas, waɗanda wannan rubutu ma ta cikinsu zai bi kafin ya isa ga masu karatu da yawa.

Irin wannan dacewa ba ta da yawa a halitta. Tazarar ƙwayoyin jamaniyam ta fi ta silikon da kashi 4.2 cikin 100, kuma wannan a duniyar kiristal babban giɓi ne. Abin da ke faruwa idan aka ɗora marasa dacewa, Charles Frank na Jami'ar Bristol da Jan van der Merwe, ɗan Afirka ta Kudu, suka fara warware shi a 1949. Shimfiɗar farko takan haƙura ta matse kanta ko ta miƙe don ta bi gurabun ƙasa, ta biyu ma haka, amma kowace shimfiɗa da aka ƙara tana ƙara tara ƙuncin matsin, har a kai wani kauri da kiristal ba zai iya jurewa ba. A nan sai ya sauƙaƙa wa kansa ta hanyar tsallake sahu guda ko cusa wani, kuma wannan gocewar sahu ba ta tsayawa a ƙasa, tana hawa kamar zare ta ratsa duk abin da aka ɗora a sama har ta ɓullo a fuska. A jikin irin wannan zare ilektaron ke mutuwa ba tare da ya ba da haske ba. Matthews da Blakeslee na kamfanin IBM sun ba da lissafin wannan iyakar kauri a 1974, kuma masu reno har yanzu da shi suke fara auna abin da zai yiwu. Abin da ya burge ni shi ne yadda aka koyi cin moriyar matsin maimakon gudunsa. Idan aka tsaya ƙasa da iyakar, kiristal ɗin da ke cikin matsi yana barin wuta ta fi gudu, shi ya sa tun farkon shekarun 2000 kamfanin Intel ya fara renon cakuɗen silikon da jamaniyam a gefe biyu na taransista don su matse hanyar da ke tsakani.

Manyan hanyoyin da suka mamaye renon shimfiɗu masu sirantar gaske biyu ne, kuma halinsu ya sha bamban. Ta farko, wadda Alfred Cho da John Arthur suka raya a ɗakunan Bell daga ƙarshen shekarun 1960, ana kiranta MBE a taƙaice. Na'urar tulu ce ta baƙin ƙarfe marar tsatsa, jikinta duk bututu da tagogin gilashi da kusoshi, kuma kafin a fara aiki sai an zuƙe iskar cikinta har matsin ya koma kimanin kashi ɗaya cikin tiriliyan goma na iskar da muke shaƙa. Don a kai ga haka, bayan duk buɗewa sai an lulluɓe ta an gasa ta kwana da kwanaki a zafin kusan digiri 200 don danshin da ya manne a bangonta ya fita, sannan a zagaye cikinta da ruwan naitirojin mai tsananin sanyi don ya kama duk wata ɓatacciyar ƙwaya. A ƙasa akwai ƙananan tukwane, ɗaya da galiyam, ɗaya da alminiyam, ɗaya da asenik, kowace da murfin da ke buɗewa ya rufe cikin ƙasa da daƙiƙa guda. Ana zafafa su, tururinsu ya miƙe kai tsaye zuwa faifan ba tare da ya yi karo da komai a hanya ba. Saurin renon kusan shimfiɗar zarra ɗaya ne a kowace daƙiƙa, wato kimanin maikiron ɗaya a awa, kuma wannan jinkirin shi ne ƙarfin hanyar, domin mai aiki yana iya rufe murfin galiyam ya buɗe na alminiyam a daidai shimfiɗar da yake so.

Yadda yake sanin inda ya kai shi ne abin da na fi jin daɗin bayyanawa. Ana harba siririn kibiyar ilektaron ta goga saman faifan a kwance, ta faɗa kan wani allo mai ba da koren haske a ɗaya gefen. Idan saman yana da santsi, ɗigon da ke allon yana haske sosai. Da zarar sabuwar shimfiɗa ta fara taruwa tsibiri-tsibiri, saman ya yi kaushi, sai ɗigon ya dushe, idan kuma tsibiran suka haɗe shimfiɗar ta cika, sai hasken ya dawo. Haske, dushewa, haske: zarra ɗaya ke nan aka ƙara a kauri. Tun 1981 da aka lura da wannan bugun, mutum yana iya zama a gaban allo yana ƙirga shimfiɗun zarra da idonsa kamar mai ƙirga bugun zuciya. Da wannan na'ura Arthur Gossard ya rena samfurin da Horst Störmer da Daniel Tsui suka gano wani sabon halin ilektaron a cikinsa a 1982, binciken da ya kai ga kyautar Nobel ta 1998, wadda sunan Gossard bai shiga cikinta ba. Ban ce an yi zalunci ba, domin dokar kyautar ba ta wuce mutum uku, amma ya kamata mai karatu ya san cewa ba don tsabtar abin da ya rena ba, babu abin da za a auna. Daga wannan zuriyar shimfiɗu ne kuma Takashi Mimura na kamfanin Fujitsu ya ƙera taransistan da ke iya jin saƙo mai rauni ƙwarai, irin wanda ke cikin ɗan kan da ke gaban kwanon tauraron ɗan'adam a saman rufin gidaje.

Hanya ta biyu, MOCVD, wadda Harold Manasevit ya nuna a 1968, ita ce ta masana'anta. A nan ba a zuƙe iska ƙarƙaf, iskar gas ce ma ke ɗauko kayan. Ana haɗa galiyam da wasu ƙwayoyin kabon da haidirojin ya zama ruwa mai saurin tashi, a busa shi tare da amoniya ko asin (iskar gas mai ɗauke da asenik) a kan faifai masu zafi da ke juyawa, zafin ya farfasa su, galiyam da abokin haɗinsa su zauna, saura ya wuce. Kayan aikin masu haɗari ne ƙwarai: ruwan galiyam ɗin yana kamawa da wuta da kansa idan ya taɓa iska, asin kuwa guba ce da kaɗan daga cikinta ke kisa. Amma tana rena faifai da yawa a lokaci guda, kuma kusan duk fitilar LED da ke duniya daga cikinta ta fito. Kamfanonin da ke ƙera waɗannan na'urori 'yan kaɗan ne, irin su Aixtron a Jamus da Veeco a Amurka da AMEC a Sin.

Labarin da ya fi nuna abin da nake son faɗa shi ne na shuɗiyar fitila. Jar LED ta samu tun 1962 a hannun Nick Holonyak, amma shuɗiya ta gagara kusan shekara talatin, kuma ba tare da shuɗi ba babu farin haske. An san cewa galiyam naitirayid zai iya ba da shuɗi, har Herbert Maruska na RCA ya rena shi a 1969. Matsalar ita ce ba a da faifan da za a ɗora shi a kai. Ba a iya narka shi a jawo babban kiristal kamar silikon, domin kafin ya narke naitirojin ɗinsa ya gudu, sai dai a ƙarƙashin matsin da ya ninka na iska sau dubun-dubata. Abin da ya rage shi ne safaya, wato irin yakutun da ake ƙerawa a masana'anta, wanda ke jure zafin digiri 1,000 da amoniya, amma giɓin da ke tsakaninsa da galiyam naitirayid kusan kashi 16 cikin 100 ne. Abin da ake samu shimfiɗa ce mai dusu-dusu, cike da tsaga da ramuka. Yawancin manyan kamfanoni suka watsar da shi suka koma kan zink selenayid, wanda ya dace da faifan galiyam asenayid tsaf, kuma ta fuskar lissafi su ne ke da gaskiya. Sai dai na'urorin da aka yi da shi ba sa daɗewa suke mutuwa.

Isamu Akasaki ya kama galiyam naitirayid tun 1973 yana kamfanin Matsushita, ya tafi da shi Jami'ar Nagoya a 1981, inda wani ɗalibi mai suna Hiroshi Amano ya shiga ɗakin bincikensa. Amano da kansa ya ba da labarin cewa ya gwada renon fiye da sau 1,500 bai sami abin kirki ba. A 1985, ranar da tanderun ya ƙi kaiwa zafin da aka saba, ya gwada wata shawara da suka taɓa tattaunawa: ya fara shimfiɗa ɗan siririn alminiyam naitirayid, kaurin 'yan gomman nanomita (nanomita kashi ɗaya ne cikin dubu na maikiron), a zafi mai sauƙi, sannan daga baya ya ɗaga zafin ya rena galiyam naitirayid a kai. Ya ce da ya fito da faifan ya gan shi garau kamar gilashi, sai ya zaci ya manta bai buɗe bututun galiyam ba. Da ya duba a madubin ƙara girma, sai ya tarar shimfiɗar tana nan, santsinta ne ya sa ba a ganinta.

Dalilin da ya sa wannan ya yi aiki ya cancanci a tsaya a kansa. Shimfiɗar da aka yi a ƙaramin zafi ba kyakkyawan kiristal ba ce, kusan marar tsari ce, domin ƙwayoyin ba su sami kuzarin neman gurbi ba. Amma saboda haka ne ta rufe safayan ko'ina bai ɗaya, maimakon ta dunƙule tsibirai manya a warwatse. Idan aka ɗaga zafi, sai ta rikiɗe ta zama ƙananan ƙwayoyin kiristal masu ɗimbin yawa da ke fuskantar sama, sabon galiyam naitirayid ya kama a kansu, ya bazu gefe-gefe, tsibiran su haɗe da wuri su zama fili guda, kuma da yawa daga cikin zaren gocewar sahu su lanƙwashe su haɗu da juna su mutu a ƙasa. Shekara da shekaru ana ƙoƙarin tilasta wa shimfiɗar farko ta zama cikakkiya, ashe mafita ita ce a bar ta ta ɗauki laifin giɓin a jikinta, don waɗanda ke samanta su tsira. A 1989 Akasaki da Amano suka warware matsala ta biyu, domin fitila tana buƙatar mahaɗar nau'i biyu, mai ba da ilektaron da mai karɓarsa, suka sami nau'in galiyam naitirayid mai karɓar da ya gagara, ta hanyar sa masa magniziyam da haska shi da ilektaron.

A wani ƙaramin kamfani mai suna Nichia, a garin Anan da ke tsibirin Shikoku, Shuji Nakamura yana fama da tasa na'urar. Ya je Jami'ar Florida a 1988 ya koyi MOCVD, ya dawo ya tarar cewa a zafin digiri 1,000 iskar da ke kan faifai tana tashi sama ta kwashe kayan renon kafin su sauka. Tun da ya iya walda da lanƙwasa bututun kwats da hannunsa, sai ya riƙa sauya fasalin na'urar da safe yana gwada reno da rana, har a 1990 ya kai ga tsarin iska biyu: ɗaya tana tafe a kwance ɗauke da galiyam da amoniya, ɗaya tana busowa daga sama tana danne ta a kan faifan. A 1992 ya nuna cewa haidirojin ne ke ɗaure magniziyam, kuma gasa faifan cikin naitirojin kawai ya isa ya kore shi. Ya ƙara da shimfiɗar indiyam galiyam naitirayid a tsakiya, kuma a ƙarshen 1993 Nichia ta sanar da shuɗiyar fitila mai haske na gaske. Mutanen uku sun raba kyautar Nobel ta 2014. Akwai darasi a shari'ar da Nakamura ya shigar da kamfanin a 2001, bayan ladan yen 20,000 da aka ba shi: kotun Tokyo ta yanke masa yen biliyan 20 a 2004, aka sasanta a kan kimanin yen miliyan 840 a 2005, kuma takardar mallakar fasahar da aka yi ta ja-in-ja a kanta ta yadda ake busa iska cikin tanderu ce. Kotun farko ta ɗauka cewa a nan dukiyar take.

Wanda yake son ganin sakamakon da idonsa ya ɗauki tocilan ko ƙwan sola da ya lalace ya cire murfinsa. Zai ga ɗan ɗigo ruwan ɗorawa, kamar an ɗiga kwaiduwa. Wannan ba shi ne fitilar ba, hoda ce da ke shan wani kaso na shuɗin haske ta mayar da shi rawaya, haɗuwar biyun ta ba ido fari, dabarar da ta shigo kasuwa a 1996. Idan ya kankare ta a hankali da allura zai tarar da ɗan ƙanƙanin gutsure mai kusurwa huɗu, galibi da siraran wayoyi biyu a kansa. Kusan duk kaurin gutsuren safaya ne. Galiyam naitirayid ɗin 'yan maikiron ne a sama, kuma a cikinsa wurin da hasken ke fitowa wasu 'yan shimfiɗu ne masu kaurin nanomita 2 zuwa 3 kowace, wato zarra goma ko makamancin haka. Kwamitin Nobel ya ambaci mutane fiye da biliyan 1.5 da ba su da wutar gwamnati a matsayin waɗanda za su fi amfana, kuma mu da muka ga yadda ƙwan sola ya kori fitilar ƙwai da aci-balbal daga teburin mai shayi da ɗakin ɗalibi ba ma buƙatar a fassara mana wannan. Shi ya sa nake ganin malaman kimiyyar lissafi da na lantarki a jami'o'inmu, idan sun zo kan semikondakta, bai kamata su tsaya a zanen yadda wuta ke ratsa mahaɗa ba, su bar ɗalibi yana zaton mahaɗar daga sama ta faɗo. Ko da babu na'urar reno a kusa, lissafin giɓin sahu da iyakar kauri abu ne da allo da alli suka isa a koyar da shi.

Aikin kuma bai ƙare ba. Galiyam naitirayid da ke kan safaya, duk da waccan dabara, yana ɗauke da zaren gocewar sahu miliyan ɗari ko fiye a kowane murabba'in santimita, adadin da zai kashe fitilar galiyam asenayid nan take, amma shi yana haske, kuma bayanin da aka fi karɓa shi ne cewa rashin daidaiton rabuwar indiyam a cikin shimfiɗar yana tsare ilektaron a ƙananan wurare kafin ya kai ga zaren. Ana kuma renonsa a kan faifan silikon don ya yi araha, wanda shi ne ke cikin ƙananan cajojin waya masu sauri, sai dai da yake su biyun ba sa tsukewa daidai idan suna hucewa, sai an jera shimfiɗun tsakani masu yawa don kada ya tsage. Shi kansa galiyam, ƙarfen da ke narkewa a digiri 29.8, wanda a zafin bazarar Sakkwato ko Maiduguri ruwa zai zama a kan tebur, ba a haƙo shi kai tsaye, daga aikin tace alminiyam ake tsamo shi, kuma kusan dukkansa daga Sin yake fitowa, ƙasar da ta sa sharaɗin neman izini kafin fitar da shi tun watan Agustan 2023. Koriyar fitila kuwa har yanzu ba ta kai shuɗiya ƙarfi ba. Don a sami kore sai an ƙara indiyam, indiyam kuwa yana faɗaɗa tazarar sahu ya ƙara matsi, kuma ba ya zama a shimfiɗar sai an rage zafin reno zuwa wajen digiri 700, inda ƙwayoyin ba sa samun isasshen kuzarin neman gurbinsu. Masu son yin allon waya da talabijin daga miliyoyin ƙananan fitilu ja da kore da shuɗi a kan faifai guda, a wannan mahaɗa ta zafi da indiyam da matsi suke fafatawa a yanzu.